Soriyasis: Yadda Fata da Garkuwar Jiki ke Ingiza Juna

A shekarar 1979 wasu likitoci biyu a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, Mueller da Herrmann, suna gwada wani sabon magani mai suna siklosporin a kan masu ciwon gaɓoɓi. Daga wata irin funfuna ta cikin ƙasa aka samo maganin, kuma babban aikinsa shi ne ya kwantar da garkuwar jiki don kada ta yaƙi ƙodar da aka dasa wa mutum. Cikin marasa lafiyar akwai 'yan kaɗan da ke da soriyasis. Ba don fatarsu aka ba su maganin ba, amma sai ga fatar ta washe cikin ɗan lokaci, kuma da aka tsayar da shi cutar ta dawo. Likitocin suka rubuta 'yar gajeriyar wasiƙa zuwa mujallar New England Journal of Medicine suka ba da labari.

Kafin wannan wasiƙa yawancin masana sun ɗauka laifin fata ne ita kaɗai, wato ƙwayoyinta ne suka haukace suke hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Suna da hujjarsu. A jikin mai lafiya, ƙwayar fata kan ɗauki kusan wata guda daga inda aka haife ta a can ƙasa har ta hau sama, ta bushe, ta faɗi ba wanda ya lura. A inda soriyasis ya kama, cikin kwana 3 zuwa 5 take yin wannan tafiya. Tana isowa sama ba ta nuna ba, wata na biye da ita, sai su taru su yi kauri, su yi ɓawo fari-fari mai zuba a gado da tufafi. To amma idan maganin da ke taɓa ƙwayoyin garkuwa ya share wannan ɓawo, ashe akwai mai ba fatar umarni daga wani wuri. Neman wannan umarni, da gano da wane harshe ake bayar da shi, ya cinye shekara talatin da suka biyo baya.

Cutar ta fi son gwiwar hannu da ta ƙafa, da fatar kai, da ƙugu, da cibiya. Tana ɓata farce, ya yi ƙananan ramuka ko ya ɗago daga namansa. Littattafan likitanci sun daɗe suna kwatanta ta da jan tabo mai farin ɓawo, alhali a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai: wurin kan yi duhu ne, ko shuni-shuni, ko toka-toka, kuma bayan ya warke ya bar tabo baƙi ko fari na watanni. Saboda haka a wajenmu ake yawan ɗaukar ta kirci, ko makero, ko amosani idan a ka take. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce jifa ne. Mafi muni shi ne a ce kuturta. Turawa ma sun yi ƙarnoni cikin wannan kuskure, har sai da Ferdinand von Hebra na birnin Biyana ya raba cututtukan biyu a 1841. Soriyasis ba a ɗaukar ta. Ba ta bin musafaha, ba ta bin kwano, ba ta bin shimfiɗar aure. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016 ya ce aƙalla mutum miliyan 100 ke ɗauke da ita, kuma yawanta ya bambanta ƙwarai, daga ƙasa da kashi 1 cikin 100 a wasu ƙasashe zuwa sama da kashi 11 a Norwe. Afirka ta Yamma na cikin inda ta yi ƙaranci, ƙasa da Afirka ta Gabas. Sai dai ƙarancin nan shi ya sa mai ita yake daɗewa bai haɗu da wanda ya gane ta ba.

Masu kai saƙo

Ƙwayoyin garkuwar jiki ba su da baki, ba su da waya. Suna magana ne da wasu ƙananan furotin da ake kira saitokin. Ƙwaya ta saki ɗaya, ya yi iyo cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyi, ya manne a makarɓinsa a jikin wata, sai wannan ta canza hali: ta hayayyafa, ko ta taso zuwa wurin, ko ta saki nata saƙon. Akwai su da yawa, kuma galibi lamba aka ba su, IL-17, IL-23, IL-36, da sauransu. Kowannensu yana da aikin alheri. Kumburi da zafi da jan da ke biyo bayan rauni duk aikinsu ne, kuma ba don su ba ƙaramin yanka sai ya kai mutum kabari.

Hujja ta biyu mai ƙarfi ta fito a 1995 daga Jami'ar Rockefeller da ke New York. Alice Gottlieb da James Krueger da abokan aikinsu suka yi amfani da wani magani da aka ƙera ta hanyar ɗaure dafin ƙwayar cutar mashaƙo a jikin saƙon IL-2. Ƙwayoyin garkuwa da ake kira T da suka harzuƙa su ne ke da makarɓin IL-2 da yawa, don haka su ne suka haɗiyi dafin suka mutu, ƙwayoyin fata kuwa bai taɓa su ba. Duk da haka fatar marasa lafiya da dama ta gyaru. An kuma samu rahotannin mutanen da soriyasis ɗinsu ya ɓace bayan an yi musu dashen ɓargo saboda wata cuta daban, da waɗanda suka kamu da ita bayan an dasa musu ɓargon mai ita. Daga nan gardama ta kusa ƙarewa.

Ga yadda masana suka fahimci abin a yanzu. Ana fara shi ne da gado. An gano wurare fiye da 60 a ƙwayoyin gadon ɗan Adam da ke ƙara yiwuwar kamuwa, mafi ƙarfinsu shi ne HLA-C*06:02, kuma da yawa daga cikin sauran suna kan hanyar IL-23 da IL-17 ne. Amma gado kaɗai ba ya isa, sai wani abu ya tsokano. Yana iya zama ciwon maƙogwaro na ƙwayar sitirep, wanda kan jawo wa yara da matasa irin soriyasis mai fesowa ɗigo-ɗigo bayan mako biyu ko uku. Yana iya zama damuwa, ko shan taba, ko ƙiba, ko wasu magunguna kamar litiyam da kulorokwin da wani rukunin magungunan hawan jini. Yana iya zama rauni. Heinrich Koebner ya lura tun a shekarun 1870 cewa cutar ta fito wa wani mutum daidai inda doki ya cije shi da inda aka yi masa zane a fata. Har yau haka take yi wa wasu: susa, ƙuna, ɗinkin tiyata, ƙaho ko tsagar wanzami, duk suna iya zama sabon wurin fitowarta. Mai soriyasis da aka ce a tsaga masa wurin don a fitar da mugun jini, ƙara mata fili aka yi.

A 2007 Michel Gilliet da Roberto Lande, suna aiki a Houston, suka nuna yadda rauni ke zama tartsatsi. Fatar da ta ji ciwo kan saki wani ɗan furotin mai kashe ƙwayoyin cuta, LL-37. Wannan furotin yana kama gutsattsarin DNA na ƙwayoyin jikin da suka mutu, ya dunƙule su, ya shigar da su cikin wasu ƙwayoyin sintiri da ake kira dendirit. Su kuma sai su ɗauka DNA ɗin bairas ne ya shigo, su fesa saƙon intaferon. Intaferon ya tayar da wasu dendirit ɗin, waɗannan su saki saƙonnin TNF da IL-23. IL-23 ya je wa wasu ƙwayoyin T ya ƙarfafa su, ya sa su yawaita, su riƙa zuba IL-17 da IL-22.

A nan ne abin ya fi ban mamaki, domin fatar da aka yi zaton ita ake zalunta, ashe da hannunta a ciki. Idan IL-17 ya sauka a kan ƙwayar fata, musamman idan TNF na tare da shi, tana kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado a lokaci guda. Tana sakin IL-8 da 'yan'uwansa, waɗanda ke janyo nutrofil, fararen ƙwayoyin jinin nan da ke taruwa su zama mugunya. Tana sakin CCL20, wanda ke kiran ƙarin ƙwayoyin T masu yin IL-17 da ƙarin dendirit. Tana sakin IL-36 da ke ƙara zuga 'yan'uwanta. Tana ƙara sakin LL-37 ɗin da ya fara tayar da fitinar. Tana sakin abin da ke sa ƙananan jijiyoyin jini su yi yawa su kusanto sama, shi ya sa idan aka ɓanɓare ɓawon ake ganin ɗigon jini. IL-22 kuma yana hana ta nuna, yana sa ta kauri. Kamar unguwar da aka yi kuwwar ɓarawo cikin dare ne: waɗanda suka fito da sanduna su ma suna ihu, ihunsu ya tashi na gaba, su ma su fito suna ihu, har gari ya waye ana ta yi alhali babu ɓarawon tun farko.

Wani abin lura: saboda yawan furotin masu kashe ƙwayoyin cuta, fatar mai soriyasis ba ta cika ruɓewa ba duk da tsagewar da take yi. Mai kircin nan na gado, wanda likitoci ke kira atofik, shi kuwa fatarsa na yawan kamuwa, don a wajensa wasu saƙonni ne daban suke mulki, IL-4 da IL-13, tare da IL-31 mai haddasa ƙaiƙayi. A ido cututtukan biyu kan yi kama, a ciki hanyarsu ba ɗaya ba ce, kuma allurar da ke kashe ɗaya ba ta taɓa ɗayan.

Magani ne ya koyar da masana

Abin da ya fi burge ni a wannan tarihi shi ne, sau da yawa jikin marar lafiya ne ya riga ɗakin bincike faɗin gaskiya. An gano TNF a 1975 a New York ana neman abin da ke kashe ƙari. Marc Feldmann da Ravinder Maini a Landan suka nuna a farkon shekarun 1990 cewa toshe shi na kwantar da ciwon gaɓoɓi. A 2000 aka ba da rahoton wata mata da aka yi wa allurar infliximab saboda kumburin hanji, sai soriyasis ɗinta ya gyaru. Ba a daɗe ba Amurka ta amince da etanercept don cutar a 2004, infliximab a 2006, adalimumab a 2008.

Labarin IL-23 ya fi wannan karkata. An daɗe ana zargin IL-12, har aka ƙera maganin da zai kama wani ɓangarensa mai suna p40. A 2000 masu bincike a cibiyar DNAX da ke Kalifoniya suka gano cewa akwai wani saitokin da ba a sani ba wanda shi ma yake da p40 ɗin a jikinsa, suka sa masa IL-23. Da aka duba fatar masu soriyasis, sai aka ga IL-23 ne ya cika ta, ba IL-12 ba. Maganin, ustekinumab, ya yi aiki sosai, aka amince da shi a 2009, amma wanda kama shi ya kawo sauƙin a zahiri ba shi aka yi niyya da farko ba. A 2005 kuma aka tabbatar da cewa ƙwayoyin T masu yin IL-17 jinsi ne mai zaman kansa, aka kira su Th17.

Daga nan kibiya ta riƙa matsowa kusa da inda ya dace. A wani babban gwaji da aka buga a 2014, cikin mako 12 kashi 77 cikin 100 na waɗanda aka yi wa secukinumab, mai toshe IL-17A, sun samu raguwar cutar da kashi uku cikin huɗu, a kan kashi 44 na masu etanercept. Guselkumab a 2017 da risankizumab a 2019 sun kama IL-23 shi kaɗai suka ƙyale IL-12. Risankizumab allura ɗaya ce duk mako 12 bayan na farko, kuma kusan mutum uku cikin huɗu sun samu raguwar kashi 90. Bimekizumab, mai toshe IL-17A da IL-17F tare, ya wanke fatar kusan mutum shida cikin goma tas a mako 16. A 2022 aka amince da deucravacitinib, ƙwayar haɗiya mai tare saƙon IL-23 bayan ya shiga cikin ƙwaya. Likitan da ya fara aiki lokacin da kwalta da hasken fitila ne manyan makamai, ya ga duk wannan kafin ya yi ritaya.

Abin da ake biya

Sai dai waɗannan saƙonni ba don su wahalar da mu Allah ya halicce su ba, kuma rufe bakin kowanne yana buɗe wata ƙofa. TNF shi ne ke riƙe katangar da jiki ke ginawa ya killace ƙwayar tarin fuka a huhu. Mutum na iya ɗauke da ƙwayar shekaru tana barci, a toshe TNF, katangar ta rushe. A 2001 aka buga rahoton mutum 70 da tarin fuka ya tasar wa bayan infliximab, da yawansu ma a wajen huhu. Tun daga nan ya zama doka a gwada mutum kafin a fara. Ga Najeriya, wadda ke cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Haka ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a yankinmu, shi ma yana iya farkawa. Magungunan da ke toshe IL-17 da IL-23 ba su nuna wannan haɗarin tarin fuka kamar na TNF ba. Ke nan waɗanda suka fi dacewa da mu su ne sababbin, kuma su ne suka fi tsada. Wannan yana ci mini rai.

IL-17 nasa aikin shi ne tsare baki da maƙogwaro da al'aura daga funfunar kandida. A 2011 Anne Puel da Jean-Laurent Casanova suka bayyana mutanen da aka haifa da naƙasa a hanyar IL-17, kuma abin da ke damunsu tun ƙuruciya shi ne kandida mai naci. Masu allurar toshe shi ma sukan gamu da ita, ko da yake mai sauƙin magani ce. A hanji kuwa IL-17 gyaran bango yake yi: da aka gwada secukinumab a kan masu kumburin hanji na Crohn, bai taimaka ba, wasu ma sun ƙara tsanani. Har ila yau akwai waɗanda ake yi wa allurar toshe TNF saboda gaɓoɓi ko hanji, sai soriyasis ya fito musu sabo, domin TNF yana taka wa intaferon burki, in aka ɗauke shi intaferon ya samu sarari.

Iyalai tara a Tunisiya

Akwai wani nau'i da ba a cika gani ba amma yana kisa. Jiki duka ya yi zafi, zazzaɓi ya rufe mutum, ƙananan ƙuraje masu mugunya su feso ko'ina, kuma in aka gwada mugunyar ba a samun ƙwayar cuta a ciki. Sirrinsa daga Afirka aka tono shi. A 2011 Slaheddine Marrakchi na birnin Sfax da abokan aikinsa a Faris suka binciki iyalai tara na Tunisiya da cutar ke yawo a cikinsu. Suka tarar da lahani a ƙwayar gadon da ke yin wani furotin wanda aikinsa kawai shi ne ya zauna a makarɓin IL-36 ya hana shi kunnuwa. Yaran da suka gaji lahanin daga uwa da uba duka ba su da abin da zai tsayar da IL-36. Shekara 11 bayan haka, a 2022, aka amince da spesolimab, wanda ke yin aikin furotin ɗin da ya lalace. A gwajinsa, sama da rabin waɗanda aka yi wa allurarsa sau ɗaya ba a ga ƙurji ko ɗaya a jikinsu ba bayan mako guda.

Dalilin da ya sa na tsaya a kan wannan nau'i shi ne ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da shi yana nan a kowace unguwa: sitiroyid. Mai soriyasis ya je kemis, a ba shi piredinisolon ko a yi masa allurar da ake cewa ta ƙaiƙayi, ko ya sayi man shafawa mai ƙarfi irin wanda ake zubawa a man bilicin ya riƙa laftawa a jiki duka. Kwana kaɗan fata ta yi sumul, ya yi ta godiya. Sitiroyid yana danne saƙonnin ne gaba ɗaya ba tare da ya kashe tushensu ba, ran da aka daina kwatsam sai su taso da ƙarfin da ya fi na da, wani lokaci har da mugunya da zazzaɓi. Man sitiroyid na shafawa yana da gurbinsa a maganin cutar, amma da awo, da wa'adi, da idon likita. Na sha da na allura kuwa likitocin fata suna gudunsu a soriyasis.

Kuma saƙonnin ba a fata suke tsayawa ba. Har kusan mutum uku cikin goma na masu cutar kan samu kumburin gaɓoɓi, yatsa ya kumbura gaba ɗayansa, dunduniya ta hana taka ƙasa da safe, kuma gaɓar da ta lalace ba ta dawowa. Binciken Joel Gelfand na 2006, wanda ya duba bayanan marasa lafiya a Birtaniya, ya nuna bugun zuciya ya fi yawa ga masu soriyasis mai tsanani, musamman matasa. Ciwon suga da kitsen hanta da ciwon damuwa duk suna rakiyarta. Idan kuma ta fito wa babba farat ɗaya da tsanani, likita kan nemi a gwada ƙanjamau, don tana yawan tsananta ga masu ɗauke da shi, kuma tana lafawa in suka fara shan maganinsu.

Adalimumab, a ƙarƙashin sunan Humira, ya kawo wa kamfaninsa sama da dala biliyan 21 a 2022 kaɗai. Irinsa masu rahusa sun shiga kasuwar Turai a 2018, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna a 2019. Duk da haka allura ce mai son firiji da gwaje-gwaje da aljihu mai nauyi. Abin da yawancin mutanenmu za su iya kaiwa gare shi shi ne man da ke tausasa fata, musamman da hunturu, da man kwalta, da na bitamin D, da hasken rana gwargwado, da kuma methotrexate ga mai tsanani. Wannan tsohon magani ne mai araha mai aiki, amma sau ɗaya ake shan sa a mako, ba kullum ba, mai ciki ba ta shan sa, kuma dole a riƙa duba jini da hanta. An rasa rayuka saboda shan sa kullum bisa kuskure.

Ko da sababbin alluran, in aka daina cutar kan dawo, kuma sau da yawa a daidai inda take a da. A 2014 Liv Eidsmo da ɗalibanta a Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka ɗebi fatar da ta warke sarai a ido, suka tarar da ƙwayoyin T zaune a cikinta, shiru, amma da an tsokane su sai su zuba IL-17 da IL-22. Ba sa yawo cikin jini, a wurin suke tare. Da alama IL-23 yana cikin abin da ke raya su, kuma an ga toshe shi na rage yawansu. Wani gwaji mai suna GUIDE, da aka yi a Jamus da Faransa da guselkumab, ya raba marasa lafiya gida biyu gwargwadon daɗewar cutar a jikinsu. Waɗanda ba su wuce shekara biyu da ita ba sun fi saurin wankewa tas, kuma da aka tsayar da allurar sun fi daɗewa cutar ba ta dawo ba. Shekara biyun nan, a wajenmu, su ne waɗanda mai soriyasis yake kashewa yana shafa maganin makero.